A Ƙara Tara

A layinsu, in ka tambayi shagon Injiniya sai a tsaya ana kallon-kallo, amma ka ce Autar Mai Firiji, kafin ka rufe baki an nuna maka ƙofar. Shekararta talatin da takwas, 'ya'yanta uku, babbar har ta fi ta tsawo, amma Auta take har gobe, kuma abin bai taɓa damun ta ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tafiyarta kullum kamar ta bar tukunya a kan wuta, ga biro soke a ɗankwali. Sana'arta gyaran injin numfashi, wato akwatin nan mai tayoyi da ake ajiye wa marar lafiya kusa da gado, ya ja iskar ɗaki ya tace, ya tura masa oksijin ta siririn tiyo a hanci. Wani mai shayi ya taɓa kiran ta "mai iska" don neman wasa. Kallo ɗaya ta yi masa, bai sake ba.

Ubanta, Mai Firiji, ya fi shekara arba'in yana gyaran firiji a shagon da ke manne da gidansa. Allah ya ba shi 'ya'ya maza huɗu, ya ɗauka ya gama samun magada. Ina! Wannan ya zama direba, wancan malamin makaranta, na uku ya kama sayar da waya, na huɗu tela. Babu wanda ya iya jure warin man kwamfiresa, injin da ke matse iska a cikin firiji. Ta biyar ɗin da bai sa a lissafi ba, ita ce ta nace. Ta gama sakandare ta shiga makarantar koyon sana'a, ta yi aure, ta haihu, ta dawo shagon da goyo a baya da sukundireba a hannu. Mijinta direban motar ɗaukar kaya ne, mutum mai sanyin hali. In an zolaye shi cewa matarsa ta fi shi sanin inji, sai ya ce to ai shi ya more, motarsa ba ta kwana a hanya.

Lokacin da aikin firiji ya fara ja da baya, wata nas ta kawo musu injin numfashi na farko, ta ce an rasa mai taɓa shi. Baba ya leƙa ya ce shi ba ya wasa da ran mutane. Auta ta kwance murfin, ta kira shi. A ciki ga kwamfiresa, ga fanka, ga tiyo-tiyo, duk 'yan gida ne. Baƙon abu ɗaya ne kawai, wasu dogayen gwangwanaye biyu cike da wani irin yashi na musamman. Shi ne yake kama naitirojin, iskar da ta fi yawa a cikin abin da muke shaƙa, ya bar oksijin ta wuce. Tun daga ranar suka raba aiki. Baba na da kwamfiresa, wanda yake gane ciwonsa da kunne tun daga bakin ƙofa. Auta na da yashi da awo.

Awon nan shi ne zuciyar sana'ar. Injin numfashi munafuki ne. In danshi ya shiga yashin ya kashe shi, injin ba zai fasa gurnani ba, kwalbar ruwansa ba za ta fasa ɓulɓula ba, marar lafiya zai ji iska tana shiga hancinsa, alhali kusan iskar ɗaki ake mayar masa. Ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Don haka Auta ba ta rabuwa da ma'auninta, ɗan abu kamar sandar sabulu, mai gilashin lamba a gaba da bakin tiyo a gefe.

Tana son a tambaye ta yadda yake aiki, kuma ko ba a tambaya ba za ta faɗa.

"A cikinsa akwai ɗan bututu kamar yatsana," in ji ta. "Can ƙarshe baki, nan ƙarshe kunne. Bakin ya yi ƙara irin ta jemage, wadda ta fi ƙarfin jin ɗan Adam, kunnen ya saurara, a ƙirga lokacin da ta ɗauka kafin ta iso. Sauti ya fi gudu a iska marar nauyi. Oksijin ta fi naitirojin nauyi, saboda haka in ƙarar ta yi jinkiri, oksijin ta yi yawa ke nan. In ta iso da wuri, to an cuce ka."

Inji mai lafiya yana ba da kashi casa'in da wani abu cikin ɗari. A shagonsu an ja layi a tamanin da biyu. Duk injin da ya sauka ƙasa da haka ba ya komawa gida sai an canza masa yashi, ko mai shi zai yi birgima a ƙasa.

Baba yana da aƙida ɗaya da ya gina sunansa a kanta: ba ya yarda da ma'auni sai ya gwada shi da abin da ya riga ya sani. Ma'aunin sanyi sai ya tsoma shi a ƙanƙara. Sikeli sai ya ɗora masa ƙarfen da ya san nauyinsa. Aƙida ce mai kyau, ta fid da shi kunya sau ba adadi, kuma Auta da kanta a kanta ta tashi. Sai dai mutumin da ya yi shekara arba'in yana da gaskiya, ranar da ba shi da ita, kafin ka fahimtar da shi sai ka yi gumi.

Shekara uku da suka wuce ciwon huhu ya kama Inna, uwar Auta. Likita ya rubuta oksijin, lita biyu a minti. Auta ta haɗa mata inji daga gawar injuna uku, tsohon samfuri marar fitilar gargaɗi, amma mai ƙarfi kamar jaki. Kowace Asabar takan auna shi ta rubuta a katin da ke rataye a hannun injin. Da shi Inna ta ci gaba da mulkin gidanta daga kan gado. Ta san wanda ya bar famfo a buɗe, ta san jikar da ta fita ba takalmi, kuma ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba.

Sai aiki ya taso. Wasu ƙananan asibitoci na nesa suka nemi Auta ta zagaya ta duba musu injuna, tafiyar sati uku. Ta sayi sabon ma'auni ta bar wa Baba, ta tafi da tsohon nata. Ta nuna masa inda ake kunnawa, da inda ake sa tiyo, ta ce Asabar-Asabar. Akwai abu ɗaya da ba ta faɗa masa ba, don abin da ka shekara shida da sani sai ka ɗauka kowa da shi aka haife shi. Kullum ta kira waya ta tambayi jikin Inna, Baba ya ce da sauƙi, tana barci.

Ta dawo wata Talata da hantsi, ta tarar da shago a kulle. Ta san ba lafiya ba, domin Baba ko zazzaɓi yake yi a kan bencin shago yake yin sa. Ta shige gida ba ta ko ajiye jaka ba.

Ɗakin Inna ƙarami ne, gado ɗaya, kujerar roba, da kanta mai cike da magunguna. Baba na zaune a kujerar, ya rame. Inna na jingine da matasai uku, leɓɓanta sun yi duhu, ƙirjinta na hawa da sauka kamar wadda ta yi gudu. Ta buɗe ido ta gane 'yarta.

"Auta... kin da..." Sauran maganar ta tsaya a wuya, idon ya sake rufewa.

"Baba, wannan ne da sauƙi?"

"Me zan ce miki kina can nesa? Jiki ne, Auta. Tun bara likita ya ce irin wannan ranar za ta zo. Na kira yayyenki, gobe suna hanya."

Tsoro ya kama ta, tsoro sosai, amma idonta bai daina aiki ba. Kwalbar ruwan injin tana tafasa fiye da kima. Ɗan ƙwallon da ke nuna yawan iska, wanda ta bari a kan biyu, yana can sama a kan biyar.

"Wa ya ƙara wannan?"

"Ni. Na ga tana wahala."

Ta juya katin. Rubutun Baba ne, tsaf-tsaf: tamanin da takwas, tamanin da biyar, tamanin da uku. Yana sauka, amma bai tsallake layi ba. Ta zaro ma'auninta daga jaka, ta kai hannu za ta cire tiyon daga bakin injin. Baba ya miƙe ya tare ta.

"Kada ki taɓa. Ki raba ta da iskar ko na minti ɗaya, ban yarda ba. Ranar Asabar na auna da hannuna, inji lafiyarsa lau. Ki bar baiwar Allah ta huta."

"Baba, minti biyu kawai."

"Na ce a'a. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Auta ta san ubanta. In ya jawo karin magana, ƙofa ta rufu ke nan. Ta ja da baya, ta tambaye shi ina sabon ma'aunin. Ya nuna kantar magunguna. Ta ɗauko ta juya bayansa, sai ga ɗan farin salatif manne, an rubuta a kai da jan biro: A ƙara tara.

"Wannan fa?"

Duk da halin da ake ciki, sai da Baba ya ɗan ɗaga kafaɗa. "Ai da na biye miki da an yi ɓarna. Ranar da kika tafi na kai shi kan babbar silindar shago, wadda oksijin ɗinta zalla ce, ba gauraye. Ya kamata ya ce ɗari. Sai ya ce casa'in da ɗaya. Na maimaita sau uku, casa'in da ɗaya. Ma'aunin nan naki yana cin tara. Shi ya sa duk abin da ya nuna nake mayar masa da tararsa."

Ta yi lissafi. Tamanin da ukun nan na kati, saba'in da huɗu ne. Kuma a lita biyu aka auna shi. Yashin da ya gaji, in ka matsa masa ya ba da lita biyar, sai ya saki naitirojin ta wuce yadda take so. Ƙaunar da Baba ya murɗa a maɓallin nan ita take shaƙe Inna.

Ta san amsar, tana bakinta. Amma ta san in ta tsaya bayani za su kai azahar, kuma gani ya kori ji. Ta karɓi makullin shago daga ƙusa ta fita da gudu. Akwai sabon inji a kwalinsa, na wani asibiti ne da za ta kai musu ƙarshen mako. Ta yanka igiyar ba tare da ta yi shawara da kowa ba, ta turo shi a kan tayoyinsa har ƙofar ɗakin Inna, ta jona wuta, ta saita lita biyu.

"Baba, ban taɓa naka ba. Wannan sabo ne fil, yanzu na fasa kwalinsa. Riƙe ma'aunin da kanka."

Ya karɓa yana haɗe rai. Sabon inji sai ya ɗan ɗumama kafin ya kai ƙarfinsa, don haka suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon lamba tana hawa, Inna na haki a bayansu. Sittin. Saba'in da biyar. Tamanin da takwas. Da ta kai casa'in da ɗaya Baba ya gyaɗa kai, don a lissafinsa nan ne ƙarshen hanya. Lambar ba ta tsaya ba. Casa'in da uku. Casa'in da huɗu. Ta je casa'in da biyar ta zauna.

"To Baba, ƙara tara."

Ya fara ƙirgawa da yatsu.

"Ɗari da huɗu cikin ɗari," in ji Auta a hankali. "A ina ake sayar da irin wannan iskar?"

Ta ci gaba da sauri, hannunta na kan tiyo. "Akwai iska ta uku, sunanta argon. 'Yar kaɗan ce, amma nauyi gare ta, kuma yashi ba ya kama ta, kullum tare take fitowa da oksijin ɗin inji. Masu ƙera ma'aunin sun san da ita, sun sa nauyinta a lissafi. Ta silinda ba ta da wannan 'yar rakiyar, saboda haka ta fi sauƙi, ƙarar ta iso da wuri, ma'auni ya ɗauka an gauraya. Ba ƙarya ya yi maka ba, Baba. Tambayar da ba tasa ba ka yi masa. Ma'aunina ma casa'in da ɗaya yake cewa a kan silinda. Ni ce ban faɗa maka ba."

Baba ya matsa daga bakin gado. Da hannunsa ya cire tiyon daga tsohon injin ya miƙa mata. Ta jona shi a sabon. Sannan ya ɗauki ma'aunin ya sa a bakin tsohon injin, a kan lita biyar ɗin da ya saita. Auta ta ce ya bari, ba amfani. Ya ce sai ya gani. Hamsin da biyu. Ya daɗe yana kallon lambar, ya ɓare salatif ɗin da farce, ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba.

Auta ba mai tsayawa jaje ba ce in akwai aiki. Ta kira nas ɗin da ke duba Inna ta ce ta zo yanzu. Sannan ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, injuna nawa ka sallama da ba na nan?"

Ya ɗago da sauri. Sai a lokacin abin ya faɗo masa. "Bakwai."

"Tashi mu je."

Kafin su fita nas ta iso, ta maƙala ɗan abin awo a yatsan Inna, ta ce lamba tana hawa, su tafi za ta zauna da ita. Mijin Auta ya kawo motarsa, suka loda injunan aro biyu da ke shago. Gida bakwai suka shiga kafin la'asar. Auta ta so ta riƙa shiga ita kaɗai ta ce duba ce ta yau da kullum, Baba ya ƙi. Kowace ƙofa shi ne a gaba, ya yi sallama, ya ce, "Na yi muku awo ba daidai ba, na zo in gyara." Injuna biyar suka tsallake layi da ƙyar. Biyu aka ɗauke aka bar musu na aro. Wata tsohuwa ta zazzage shi tas a gaban jikokinta, ya tsaya ya saurara har ta gaji. Auta ta sha ganin gwanintar ubanta, amma ba ta taɓa jin alfahari da shi irin na ranar ba.

Da suka dawo, tun daga tsakar gida suka jiyo murya. Ba ƙarfi gare ta ba, amma ta Inna ce, tana tambayar wanda ya bar bokiti a hanya. Auta ta jingina da bango, hawaye suka zubo mata, ta share da bakin ɗankwali kafin ta shiga. Leɓɓan Inna sun washe. Nas ta ce a kai ta wurin likita gobe ya sake dubawa, ta yi sallama ta tafi.

"Wai me ya faru ne?" in ji Inna. "Na ga baƙon inji."

"Tsohon ne ya gaji, Inna," Auta ta yi saurin cewa. "Yashinsa ya mutu. An canza, shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba," in ji Baba daga bakin ƙofa. Ya shigo ya tsaya a gaban gadon kamar mai jiran hukunci. "Inji ya faɗa mini ya gaji, na ƙaryata shi. Na ƙara masa lamba da hannuna, na kuma ƙara masa aiki. Sati uku ni nake rage miki numfashi, ina zaune ina kallon ki, har na kira yara su zo ban kwana. Ki yafe mini."

Inna ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ja iska, ta sake ja, kamar mai tara kayan faɗa. Auta ta sunkuyar da kai tana jiran saukar aradu.

"Malam, shekara arba'in da bakwai ina gidan nan. Na haihu biyar, na yi jinya ba adadi, kullum sai dai ka leƙo ka ce sannu ka koma wurin firijinka. Sati ukun nan ba na iya magana, amma ina ji. Tun safe har yamma hannuna yana cikin naka." Ta huta, ta miƙo hannun a kan zanen gado, tafin a buɗe. "Na yafe. An canza inji, na gani. Wannan kuma wa ya ce ka saki?"

Baba ya jawo kujerar roba ya zauna. Auta ta tura tsohon injin waje, ta ja musu ƙofa.